Kwaltar Hayaƙi a Jikin Katako: Sharhi kan Aikin Masu Share Bututu da Wanke Tabo

Na jinkirta rubuta wannan sharhi har shekara guda bayan an kammala aikin, kuma da gangan na yi hakan, domin aikin cire ƙaurin hayaƙi daga katako ba a ranar da ma'aikata suka tattara kayansu ake yanke masa hukunci ba. A wannan rana kowane ɗaki ƙamshin sabulu da na sabon shafe yake yi. Sai an ga wucewar lokacin sanyi, wanda ake hura murhu dare da rana, sannan an shiga lokacin zafi da laima, wanda katako ke amayar da abin da ya sha, kafin mutum ya san ko magani aka yi masa ko kuwa lulluɓe masa ciwon aka yi. Yanzu na ga lokutan biyu, saboda haka ina iya faɗin abin da kamfanin da na kira ya yi daidai da kuma inda ya gaza. Ba zan ambaci sunansa ba, tun da akwai kurakurai a cikin abin da zan faɗa.

Gidan yana da murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki, wanda ake hura wa itace, kuma bututun hayaƙinsa ya bi ta silin na katako ya fita ta rufi. Matsalar ta fara ne da wani baƙin ruwa mai kauri da ya riƙa biyo bayan bututun yana ɗiga a ƙasa, daga baya kuma ya ɓullo a jikin falankan silin, ya gangaro kan babban gungumen da ya ratsa ɗakin, ya bar zane launin ƙasa mai duhu a kan katakon bango. Tabon kansa da sauƙi, domin ido yana sabawa da abin da yake gani kullum. Abin da ya hana mu sakat shi ne ƙaurin, wanda ya kama labule da tufafi da littattafai, kuma ya fi tsananta a ranakun da ba a ma kunna wuta ba, musamman bayan an yi ruwan sama.

Ya kamata a bambanta abubuwa biyu da mutane ke haɗawa. Kunkunniya busasshen baƙin gari ce da hayaƙi ke bari, tana zama a saman abu, kuma ana iya ɗauke ta. Abin da ya ɓata mini katako kuwa shi ne wanda masana ke kira kiriyosot, ni kuma zan kira shi kwaltar hayaƙi, domin da kwalta ya fi kama. Idan itace yana ci, ba duk abin da ke fita daga cikinsa ne wuta ke cinyewa ba. Akwai tururin ruwa da tururin mai da ke tashi tare da hayaƙin. Muddin bututun yana da zafi sosai, waɗannan za su fice waje. Idan kuwa zafin cikinsa ya sauka ƙasa da kimanin digiri 120 a ma'aunin Salshiyas, sai su daskare a jikinsa kamar yadda raɓa ke kwanciya a kan ƙarfe mai sanyi, su taru a hankali. Ƙaurin yana fitowa ne daga sinadaran dangin fenol, irin su gwayakol, waɗanda ke samuwa idan zafi ya farfasa ɓangaren itace mai tauri da ake kira liginin. Wani masani Bajamushe, Karl Raishenbak, shi ya raɗa wa abin suna a 1832, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar nama da mai kiyayewa, saboda ya lura yana hana nama ruɓewa. Wannan ƙarfin kama jiki da ƙin lalacewa shi ne ainihin abin da ya sa fitar da shi daga katako yake da wuya. Ba kuma daidai yake da wanda ake samu daga gawayin kwal ana shafa wa turakun lantarki da katakon layin dogo ba, ko da yake sunansu ɗaya.

Kafin in kira kowa, sai da na gwada dabarun kaina, kuma ina ambata su ne domin sun ƙara wa ma'aikatan aiki. Na wanke wurin da ruwan zafi da sabulu, tabon ya ƙara faɗi, domin ruwan ya narkar da wani ɓangare nasa ya kai shi inda bai kai ba da. Na sa bilic, katakon da ke kewaye ya koɗe, baƙin kuwa yana nan daram, tun da bilic ba ya narkar da kwalta. Na ajiye kwanonin gawayi da na bekin soda a kusurwoyi, na goge da ruwan khal; waɗannan sun rage ƙaurin da ke yawo a iska na kwana biyu, amma ba su taɓa inda yake fitowa ba. Mafi muni shi ne fentin ruwa da na shafa a wani gefe na bangon, wanda bai yi mako guda ba tabon ya huda shi ya fito rawaya-rawaya, kamar ba a shafa komai ba.

Abu na farko da ya sa na amince da kamfanin shi ne yadda suka fara. Mutum biyu suka zo, kuma babbansu bai tsaya kan tabon da nake ta nuna masa ba. Ya dube shi sau ɗaya, ya shinshina, sannan ya nemi tsani. Sun hau rufi, sun zura ƙaramar kyamara cikin bututun daga sama har ƙasa, suka nuna mini hoton a allon waya, kuma gani ya kori ji. Sun gano abubuwa uku. Hular da ke rufe bakin bututun ta karkace, ruwan sama yana shiga kai tsaye yana jiƙa kwaltar da ta taru. Kwanon da ke rufe mahaɗar bututu da rufi ya buɗe ta gefe guda. Na ukun kuwa, wanda ban taɓa sanin yana da muhimmanci ba, shi ne cewa an haɗa gaɓoɓin bututun cikin ɗaki a juye. Kowace gaɓa tana da baki ɗaya mai tattara wanda ke shiga cikin ta kusa da ita, kuma ƙa'ida ita ce wannan baki ya kalli ƙasa, wajen murhu, domin duk ruwan kwaltar da ya gangaro ya zauna a ciki ya koma wuta. Wanda ya kafa namu ya juya shi sama, wataƙila yana tunanin haka hayaƙi zai fi bi, sai kowace mahaɗa ta zama ƙofar da baƙin ruwan ke fitowa.

Daga nan babban ma'aikacin ya nemi ganin itacen da muke hurawa. Ya faskara guda ɗaya, ya soka masa na'urar auna danshi a tsakiya, sai ga shi ya wuce kima da nisa. Ya bayyana mini cewa ɗanyen itace da aka sara yanzu yana iya zama kusan rabin nauyinsa ruwa ne, alhali wanda ya dace da murhu bai kamata danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100 ba, kuma kaiwa ga haka yana ɗaukar wata shida zuwa shekara, wani itacen mai tauri ma har shekara biyu. Ya kuma tambaye ni ko ina rufe makullin iskar murhun da dare domin wuta ta kwana tana ci a hankali. Na amsa cewa kullum haka nake yi, ina ganin tattali ne. Ashe wannan tattalin shi ne ke haifar da hayaƙi mai sanyi mai nauyi, wanda ba ya kaiwa bakin bututu sai ya zube a hanya. Ban ji daɗin jin cewa rabin laifin nawa ne ba, amma ya faɗe shi cikin ladabi, kuma gaskiya ce.

Sun ƙi taɓa katakon sai an gyara bututun. A lokacin na ɗauka dabara ce ta ƙara yawan aiki, har na nuna ɓacin raina, domin ni ƙauri ne ya dame ni, ba rufi ba. Amsar babbansu ita ce idan suka wanke katako suka bar ruwa yana shiga, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, kuma ruwan farko da za a yi zai mayar da mu inda muka fito. Ya ƙara da cewa akwai abin da ya fi tabo haɗari. Kwaltar hayaƙi tana da matakai uku: ta farko gari ce da buroshi ke sharewa, ta biyu ɓawo ce mai ƙyalli da sai an kankare, ta uku kuwa ta daskare ta yi santsi kamar gilashi, buroshi ba ya yi mata komai. Tamu ta kai mataki na uku a saman bututun. Masu wannan sana'a suna ba da shawarar a share bututu da zarar kaurin abin ya kai kimanin milimita 3, kuma ƙa'idar kiyaye gobara ta Amurka mai suna NFPA 211, wadda ya ambata, ta ce a duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Dalili shi ne kwaltar tana kama wuta, kuma gobarar cikin bututu tana iya kaiwa kusan digiri 1,100, zafin da ke lanƙwasa ƙarfe ya tsaga bulo. Da na ji haka ban sake jayayya ba. Sun canza gaɓoɓin da suka fi lalacewa, sun juya sauran daidai, sun sa sabuwar hula, sun liƙe mahaɗar rufin, kuma a wannan ɓangare ba ni da abin da zan kushe.

Aikin katakon shi ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma a nan ne na ga ƙwarewarsu da kuma kuskurensu. Sun kwashe labule da shimfiɗu, sun rufe ƙofofin sauran ɗakuna da leda, sun zuƙe ƙura da na'ura mai tace ƙananan ƙwayoyi, sannan suka fara a bushe, ba tare da ɗigon ruwa ba. Akwai wani soso na roba da ake amfani da shi ba a jiƙa ba, yana ɗauke kunkunniya kamar yadda abin goge fensir ke ɗauke rubutu, kuma idan fuskarsa ta yi baƙi sai a yanke ta da wuƙa a ci gaba da sabuwa. Da shi suka bi silin da bango gaba ɗaya. Bayan haka suka kankare kwaltar da ta yi kauri da faifan roba mai tauri, suna bin tsawon jijiyoyin katakon domin kada su ƙwarzane shi. Sai da abin da za a iya ɗaukewa a bushe ya ƙare sannan suka kawo tina irin wadda ake tsinka fentin mai da ita. Yadda suka yi amfani da ita ya koya mini wani abu. Ba su zuba ta a kan katako ba, ba su kuma cuɗa ba. Suna ɗan jiƙa farin tsumma, su danna a kan tabon, su ɗaga, su juya wuri mai tsabta, suna farawa daga gefen tabon zuwa tsakiyarsa. Babbansu ya ce tina tana narkar da kwalta, amma idan ta yi yawa ita ce za ta zama abin hawan da zai kai ta can cikin katako, inda hannu ba zai sake kaiwa ba. Tsummokaran da suka yi amfani da su ba su bar su tari a ɗaki ba, a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi suka zuba su suka fitar waje.

Kuskuren ya faru ne a mataki na gaba. Sun wanke sauran maiƙon da sinadarin da ake kira TSP, wanda gari ne fari da ake narkarwa a ruwan ɗumi, yana da kaifi irin na soda, kuma yana cin maiƙo sosai. A kan falankan silin, waɗanda katako ne mai laushi mai haske, ya yi aiki yadda ake so. Amma gungumen tsakiyar ɗakin katako ne mai tauri mai yawan tanin, wato irin sinadarin da majema ke jima fata da shi, kuma duk katako irin wannan yana yin duhu idan abu mai kaifin soda ya taɓa shi. Ƙaramin ma'aikacin bai gwada a wani ɓoyayyen gefe ba, ya shafa kai tsaye, sai wurin da aka wanke ya fi wanda ba a wanke ba duhu. Wannan sakaci ne da bai kamata ya fito daga masu sana'a ba, domin gwaji a lungu shi ne darasin farko ga duk mai taɓa katako da sinadari. Abin da zan yaba shi ne babban nasu bai yi musu ba, bai kuma ɗora laifin a kan katakon ba. Ya kawo asid ɗin okzalik washegari, ya shafa, ya ɗauraye, launin ya dawo kusan yadda yake. Ya yi mini bayanin cewa wannan asid yana gyara duhun da soda ko ruwa ko tsatsar ƙarfe suka jawo, amma ba ya cire kwalta, saboda haka kada in ɗauka shi ne maganin ainihin tabon. Har yanzu idan hasken rana ya faɗo ta gefe ina ganin iyakar wurin, ko da yake baƙo ba zai lura ba.

Bayan wanki sun bar katakon ya bushe na kwanaki, da fanka da na'urar janye laima, kuma ba su dogara da taɓawa da hannu ba, sai da suka auna. Sannan suka bi shi da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Kafin su fara sun tambayi shekarun gidan da ko an taɓa shafa wa wurin tsohon fenti, domin tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta guba ce. A kan fuskar falanki kwaltar ba ta shiga da nisa ba, gugar ta ɗauke mafi yawanta. A bakin katako kuwa, wato inda zarto ya yanke jijiyoyinsa a gicciye, labarin dabam ne, domin nan ne hanyoyin da bishiya ke jan ruwa da su suke a buɗe, kuma suna shan kwalta kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Falankai biyu da bakinsu ya jingina da bututun sun sha har ciki, kuma sun faɗa mini kai tsaye cewa babu wanki ko guga da zai cece su, sai dai a cire. Na so su gwada, suka ce ɓata lokaci ne. Da kafinta ya ciro su aka yanka ɗaya, baƙin ya ratsa shi daga wannan fuska zuwa waccan. An kuma gyara tazarar da ke tsakanin bututun da katako, tun da bututun ƙarfe mai bango ɗaya yana buƙatar kimanin santimita 45 tsakaninsa da duk abin da zai iya kama wuta, sai dai in an sa masa garkuwa.

Sauran katakon, wanda ya yi tsabta a ido amma hanci yana jin sa, shi ne aka shafa wa shelak, kuma a ganina wannan ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Shelak wani ƙaro ne da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin rassan bishiyoyi, galibi a Indiya da Tailan. Ana tattara shi a tace, a narkar da shi a cikin sifirit. Idan an shafa, sifirit ɗin yana tashi cikin mintuna, ya bar wani siririn ɓawo mai tauri. Amfaninsa a nan biyu ne: kwaltar ba ta narkewa ta huda shi kamar yadda ta huda fentin ruwan da na shafa, sannan yana toshe ƙofofin katako ya hana ƙaurin fitowa. A kan bangon da za a yi wa fenti sun sa farin fentin tushe mai shelak, shafi biyu, suna jira ƙasa da awa guda a tsakani. A kan silin da gungumen, inda nake son zanen katako ya ci gaba da bayyana, sun sa shelak garau wanda aka cire wa kakin da ke cikinsa, domin wanda ba a cire wa ba yakan hana man sheƙin da za a ɗora a kansa kamawa. Sun kula da ɓaraka da mahaɗar falankai da ramukan ƙusa, suna cusa buroshi a ciki, domin ƙauri ba ya buƙatar babbar ƙofa.

Sai dai ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ya saya. Shelak ba ya cire komai. Kulle abin yake yi a ciki. Kwaltar da ta rage a cikin gungumen tana nan, kuma za ta zauna shiru ne muddin ɓawon bai fashe ba kuma ruwa bai sake shiga ta baya ba. Kamfanin bai ɓoye mini wannan ba, kuma na fi ganin girmansu saboda haka. Yana kuma da rauninsa. Zafi yana sa shi laushi tun kafin a kai zafin tafasar ruwa, saboda haka ba a shafa shi dab da murhu ko a jikin bututu. Sifirit yana sake narkar da shi, haka ma sabulun goge-goge mai amoniya, don haka sai an kula da abin da ake tsabtace wurin da shi. Yana kuma sa katako mai haske ya ɗan yi launin zuma, wanda ni ya yi mini, amma wani ba zai so ba, kuma ba su nuna mini samfuri kafin su shafa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba su gargaɗe mu tun da wuri game da ƙarfin warin sifirit ba. Tururinsa yana sa ciwon kai, yana kuma kama wuta, dole a kashe duk wani harshen wuta a buɗe tagogi. Sai da safiyar ranar suka ce gara mu fita da yara, alhali da sun faɗa kwana biyu kafin nan da mun shirya.

Da suka tafi, ɗakin ya yi fes, kuma haka ya zauna har ƙarshen sanyi. Amma da aka shiga zafi aka yi ruwa na kwanaki a jere, sai ƙaurin ya dawo, ba da ƙarfin da ba, amma ya dawo. Na kira su, suka zo ba tare da jan rai ba, kuma suka gano abubuwa biyu. Na farko nasu ne: sun shafe fuskar silin ta cikin ɗaki, amma ba su hau saman silin sun duba bayan falankan ba, inda audugar hana sanyi da ke kewaye da bututun ta sha baƙin ruwan ta riƙe shi. Irin wannan auduga ba ta wankuwa, sai dai a kwashe a zubar. Sun kwashe ta, sun shafe bayan katakon da shelak, sun sa sabuwa. Ya kamata su yi wannan tun zuwan farko, domin duk wanda ya san ruwan daga sama ya gangaro ya kamata ya bi sawunsa har inda ya faro. Na biyun kuwa ba laifin kowa ba ne, yanayin gida ne. A lokacin zafi iskar cikin bututu ba ta tashi sama kamar a lokacin sanyi, wani lokaci ma saukowa take yi, kuma idan aka kunna fankar da ke fitar da iska daga kicin ko banɗaki a gidan da tagoginsa ke rufe ruf, gidan yana neman inda zai jawo wata iskar ya cike gurbi, sai ya jawo ta cikin bututun da duk ƙaurin da ke jikinsa. Babbansu ya nuna mini haka da ɗan hayaƙi a bakin murhu, na ga yana komowa ɗaki da zarar an kunna fankar. Maganin shi ne rufe makullin bututun idan ba a hura wuta, da ɗan buɗe taga idan fanka tana aiki, da kuma share bututun a ƙarshen sanyi maimakon a bari sai farkon na gaba, domin kada kwaltar ta kwana a ciki tsawon watannin laima.

Akwai abu ɗaya da suka tallata mini wanda na ƙi, wato na'urar ozon, wadda ake kunnawa a ɗakin da aka rufe domin ta kashe wari. Ba na musun cewa tana rage ƙaurin da ya kama labule da kujeru. Amma ozon yana cutar da huhu, dole mutane da dabbobi da tsirrai su bar gidan, yana kuma tsofar da kayan roba, sannan ba ya shiga cikin katako ya kai ga kwaltar da ke can. Na ga cewa wanke labule da shanya shimfiɗu a iska za su yi mini wannan aiki, kuma sun yi. Ban ji daɗin yadda suka nace a kanta har sau biyu ba, domin ya saɓa da gaskiyar da suka riƙa faɗa mini a sauran al'amura.

Game da kiyaye lafiya kuwa sun yi abin da ya kamata. Ba su taɓa kwaltar da hannu tsirara ba, suna sanye da safar hannu da tabarau da takunkumi mai matata, ba na kyalle ba. Wannan ba ƙyale-ƙyale ba ne. Tun a 1775 wani likitan tiyata a Landan, Fasibal Fot, ya danganta wata cutar daji da ke kama masu share bututun hayaƙi da kunkunniyar da ke manne musu a fata, kuma wannan yana cikin karo na farko da aka alaƙanta cutar daji da sana'ar mutum. Da na tuna yadda na riƙa cuɗa tabon da soso da hannuna ba safa, sai jikina ya yi sanyi. Sun kuma ba ni shawarar in kafa na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid ta taru, domin ita ba ta da wari ko launi, kuma bututun da ya toshe yana iya mayar da ita cikin ɗaki.

Wajen cika alkawarin lokaci ba su da kyau. Sau biyu suka ɗaga ranar zuwa, ɗaya daga ciki ba su sanar da ni ba sai da na kira, kuma takardar bayanin aikin da suka ba ni a farko ba ta ambaci saman silin ba, wanda shi ne ya jawo komawa ta biyu. Wanda zai ɗauki irin waɗannan ma'aikata ya nemi a rubuta masa cewa za a duba bayan katako da abin da ke kewaye da bututu, za a gwada kowane sinadari a lungu, kuma za su dawo idan ƙauri ya tashi a lokacin laima. Wanda tabonsa kunkunniya ce kawai a saman katako mai man sheƙi ba ya buƙatarsu, busasshen soso da ɗan sabulu sun ishe shi. Wanda kuwa ya ga baƙin ruwa yana ɗiga, ko ƙauri yana ƙaruwa bayan ruwan sama, matsalarsa a cikin bututu take, kuma ina ba shi shawarar ya kira masu hawa rufi da kyamara kafin ya sayi ko gwangwanin fenti ɗaya.

Ni dai zan sake kiran waɗannan, kuma na riga na sa su a jadawalin share bututu na ƙarshen sanyi. A jikin gungumen akwai sauran inuwa mai duhu, tsawon kamu ɗaya, wadda suka ce ba za ta fita ba sai an fafe katakon, na ce a bar ta. A makon da ya wuce an kwana uku ana ruwa, na rufe tagogi na hau kujera na kai hancina dab da wurin, ban ji komai ba sai ƙamshin katako.